Inda Doki Ba Ya Hawa

Daga wajen 20 ga Disamba, tashar motar Television da ke kudancin Kaduna ba ta da masakar tsinke. Buhunan shinkafa, jarkokin man gyaɗa, katifu naɗe da igiya, duk ana ta ɗora su bisa motoci, 'yan kamasho kuma suna ƙwala kiran Kachia, Zonkwa, Kwoi, Kafanchan. Da yawa cikin matafiyan nan ba za su juyo ba sai sun ga bikin Afan, wanda ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu kowace shekara. Samari da 'yammatan da aka haifa a Narayi ko Sabon Tasha, waɗanda Hausa ta fi zama a bakinsu fiye da harshen kakanninsu, sukan tsaya a gindin dutsen garin su ɗauki hoto da waya. Kaɗan ne cikinsu aka taɓa zaunar da su aka gaya musu cewa ba don wannan dutse ba, da wataƙila kakanninsu a kasuwar bayi ta Zariya ko ta Kano suka ƙare.

Dutsen Kagoro reshe ne na tsaunukan Jos da ya miƙo yamma ya tsaya gabas da Kafanchan, tsayinsa ya haura mita 1,200 bisa teku. Daga nesa sai a ɗauka bango ne guda. Sai an matso ake ganin ashe manyan duwatsu ne suka hau kan juna, tsakaninsu tsaguwa da loko da kogwanni. Wani kogon sai an sunkuya ko an rarrafa ake shiga, amma a ciki ya buɗe ya ɗauki mata da yara har da awakinsu.

Ƙarfin masarautun Arewa a ƙarni na 19 a bayan doki yake. Barde a kan ingarma, da lifidi da mashi, ba wanda ke ja da shi a fili. Garuruwan da ke kudancin ƙasar Zazzau, irin su Jama'a da Keffi da Nasarawa da Kauru da Kajuru da Lere, suna kai gandu Zariya, cikin gandun nan kuwa har da bayi, Zariya ita ma tana da nata kason da take kai wa Sakkwato. Bayin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Da rani, bayan an gama girbi, hanya ta bushe, rafuka sun janye, sai a ɗaura sirdi a nufi ƙauyukan da ba su karɓi mulkin masarauta ba. Ƙauyen da ke fili kafin hantsi an gama da shi.

Amma kofato ba ya kama dutse. Da zarar mahayi ya iso inda hanya ta tsuke ta fara hawa, dole ya sauka, in kuwa ya sauka ya zama mutum kamar kowa, ga nauyin kayan yaƙi, ga wanda ke samansa yana ganinsa shi ba ya ganinsa. Mutanen Kagoro sun gane haka, suka tsara zamansu a kai. Gidaje a gindin dutse ko a jikinsa suke. Kowace unguwa an kewaye ta da shingen ƙerana, itacen nan mai ƙaya wanda farin ruwansa in ya shiga ido sai Allah, hanyoyin ciki kuma an bar su ƙunci, suna lanƙwasa nan da can, mutum ɗaya-ɗaya ke iya bi. Baƙon da ya shiga ba tare da ɗan gari ba sai ya rasa gabas da yamma. Idan mai tsaro ya hango ƙura ya yi kururuwa, mata da tsofaffi da yara su haye su shige kogo, maza kuma su laɓe bayan duwatsu da kwari da baka, kan kowace kibiya an shafa dafin kwankwani.

Kada a ɗauka zaman nan na daɗi ne. Ƙasar noma a jikin dutse kaɗan ce, sai an jera duwatsu an tare ta don kada ruwa ya kwashe, a shuka acca a 'yan filayen da ba su fi tabarma biyu ba. Gonar kirki tana can ƙasa, a fili, inda ake noma ido ɗaya na kan fartanya ɗaya na kan hanya. Ruwa da itace da hatsi, duk a ka ake hawa da su, mata ne kuma ke ɗaukar mafi yawa. Sun zaɓi wannan wahalar ne a kan ƙangi a wuya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu kai waɗannan hare-hare Hausa da Fillanci suke ji, da sunan masarautu suke fita, kuma Bahaushen yau ba ya ƙaruwa da komai in ya musanta. Haka nan ba daidai ba ne a ce tsakanin fili da dutse yaƙi ne kaɗai. Fatake suna ratsa ƙasar da gishiri da kanwa da tufafi, suna yada zango, suna sayen hatsi da zuma. Zangon Katab da Kachia a kan irin wannan hanya suka kafu. Ciniki da hari tare suka yi ta tafiya, wata shekarar wannan ya rinjaya, wata shekarar wancan.

Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, a 1905 kuma dakarunsu suka iso Kagoro. Abin da ya gagari barade bai gagari bindiga mai ruwa ba, amma ita ma ba ta gama aikin a rana ɗaya ba, sai da aka yi ta komawa shekara da shekaru. Dabarar sojan Bature a ƙasashen duwatsu kusan iri ɗaya ce ko'ina. In mutane sun shige kogo, ba lallai a bi su ciki ba. A cinna wa gidaje wuta, a kwashe ko a ƙone rumbuna, a kore dabbobi, a zauna jira. Yunwa ce ke sauko da dattawa da kaji da awaki a hannu suna neman sulhu, sai a yanka musu tara, a ɗora haraji, a ce su bar kan dutse su dawo inda Di'o zai iya ƙidaya su. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a yankin Jama'a, ya fitar da littafi a 1912 a kan mutanen wannan ƙasa, ya sa masa suna na cin mutunci da ke kiransu masu wutsiya mafarautan kawuna. Shi ne kuma ya tattara tatsuniyoyi da al'adun Hausawa ya buga a shekarar da ta biyo. Abin takaici shi ne, duk wanda ke son sanin yadda Kagoro take a waɗannan shekaru, dole ya bi ta hannun mutumin da ya zo mata da soja.

Sai dai dutsen ya yi wa mutanensa wata rana ko bayan an ci su. Da Turawa suka zo tsara mulkin En'e, tambayar da suka riƙa yi ita ce: wa ke mulkin wa kafin zuwanmu? Kagoro da Marwa da Jaba an ɗauke su a matsayin ƙasashen da masarauta ba ta ci da yaƙi ba, don haka aka bar su da sarakunansu, masu cin gashin kansu. Maƙwabtansu Atyap da Bajju kuwa aka sa su ƙarƙashin hakiman da Zariya ke naɗawa, ba su sami masarautunsu ba sai 1995, bayan an zubar da jini a Zangon Katab a 1992. Shekara casa'in ke nan tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya hau gado a 1945 ya rasu a 2008, ya yi shekara 63 a kan kujerar da kwari da baka da kogo suka tsare.

Inda aka yi yaƙin kogo na sosai shi ne Chibok, a kudancin Borno, garin da duniya ba ta san sunansa ba sai da aka sace 'yammatan makaranta a 2014. A watan Nuwamba na 1906 Turawa suka tura sojoji 170 kan duwatsun Chibok, bisa zargin mutanen wurin suna tare fatake a hanya. Suka tarar da abin da ba su zata ba. Cikin duwatsun nan akwai ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka sadu da juna. Soja ya leƙa bakin rami, kibiya ta fito daga duhu, kafin a mai da martani maharbin ya ɓulle ta wata kafa. An kwana 11 ana gwabzawa, aka kashe sojoji 10, aka raunata 40. Akasarin jama'a suka watse, amma wasu tsiraru suka ƙi fita, sai da aka sake turo wata runduna ta yi wa duwatsun ƙawanya har kusan wata uku. Abin da ya ɗaure wa Turawa kai shi ne inda mutanen nan ke samun ruwan sha da tsakar rani. Ashe akwai ruwa can cikin dutsen, sai da aka gano shi aka tare sannan yaƙin ya ƙare. Rahoton gwamnatin mulkin mallaka na shekarar da kansa ya yaba jaruntakarsu da iya harbinsu. A tuna cewa Kano, mai ganuwa da ƙofofi, a yini guda ta faɗi a watan Fabrairun 1903.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka labarin dutse na waɗanda ba Hausawa ba ne, Bahaushe kuwa kullum shi ne na kan doki. Ba haka abin yake ba.

Lokacin da mutanen jihadi suka karɓe Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau kudu ya nufa da jama'arsa, cikin duwatsun ƙasar Gbagyi da Koro. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, kusa da dutsen Zuma, wanda aka sa hotonsa a jikin takardar naira ɗari. Garin ne ake kira Suleja yanzu. Sarakunan Zariya sun sha kai masa yaƙi ba su ci shi ba, har zuwan Turawa.

Labarin Ningi ya fi wannan ban mamaki. Wajen 1846, farkon zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo, wani malami Bahaushe a garin Tsakuwa, Malam Hamza, shi da 'yan'uwansa malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa da aka ɗora musu, suna ganin zalunci ne da shari'a ba ta yarda da shi ba. Rigima ta ɓarke tsakaninsu da masu karɓar haraji. Da suka ga zama ba zai yiwu ba, suka kwashi iyali da allunansu suka shige duwatsun da ke tsakanin Kano da Bauchi. Mazauna wurin, Butawa da Warjawa da Fa'awa da Sirawa da sauransu, ba Musulmi ba ne, amma su ma gandun Bauchi da hare-haren kama bayi sun ishe su. Malamai masu alƙalami da maharba masu bin addinin gargajiya suka haɗa kai, saboda abin da ke korar su ɗaya ne. Daga wannan haɗuwa aka sami mulkin Ningi, wanda ya tsone wa masarautun Kano da Bauchi da Zazzau ido fiye da shekara hamsin. Bayan Hamza aka yi Ɗan Maje, da Haruna Ƙarami, da Gajigi, da Ɗan Yaya. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su, tarihin sarakunan Kano ma ya ambaci karonsa da Ɗan Maje. In an fi ƙarfinsu a fili sai su koma dutse, rundunar sarki ta yi ta zagaye har guzuri ya ƙare ta juya.

Amma Ningawa ba su tsaya ga kare kai ba. Da suka yi ƙarfi, su ma doki suka hau. Suka riƙa faɗa wa ƙauyukan kudancin Kano da na Zazzau, suna kama mutane suna sayarwa, har Kachia harinsu ya kai a zamanin Sarkin Zazzau Sambo. Talakan Rano ko na Tudun Wada da ya ji an ce ga Ningawa nan, irin gudun da mutumin Kagoro ke yi in ya hango ƙurar Jama'a shi ma shi yake yi. Jikokin waɗanda suka gudu daga zalunci sun zama abin gudu, kuma wannan ɓangaren ma dole a faɗe shi. Mulkinsu na cin gashin kai ya ƙare a 1902, shekarar da Turawa suka shiga Bauchi, shekarar da Ɗan Yaya ya rasu.

A wasu ƙasashen irin waɗannan wurare na mafaka ba a bar su an manta da su ba. Bulgeriya, a gabashin Turai, ta yi kusan shekara 500 ƙarƙashin daular Turkawa mai hedikwata a Santambul. A 1876 jama'a suka yi bore. Wasu mayaƙa kimanin 200 suka fake a gidan ibadar Kirista na Diryanobo, cikin wani kwazazzabo da duwatsu suka kewaye, suka yi kwana tara suna karawa da rundunar da ta ninka su sau da yawa kafin a murƙushe su. Cikin shugabanninsu akwai wani malamin makarantar ƙauye, Baco Kiro, wanda aka kama aka rataye a birnin Tarnobo a shekarar. Shekara biyu bayan haka, a 1878, mulkin Turkawa ya kau daga yankin sakamakon yaƙinsu da Rasha. Kusa da gidan ibadar akwai wani babban kogo. An sa masa fitilun lantarki, an yi masa hanyar shiga, a 1940 kuma aka raɗa masa sunan Baco Kiro. Yaron da aka kai yawon buɗe ido can, ko bai tambayi komai ba zai tambayi wane ne mai sunan.

Can Kiristoci ne ƙarƙashin sarakuna Musulmi. A Aljeriya kuwa akasin haka aka yi. A watan Yunin 1845 wata ƙabilar Musulmi, Aulad Riyah, ta shige kogwannin Dahra da mata da yara da dabbobi tana gudun sojojin Faransa. Kwamandansu, Kanar Felisiye, ya sa aka tara itace a bakin kogo aka cinna wuta. Ɗaruruwan mutane hayaƙi ya kashe a ciki. 'Yan Aljeriya har yau suna tuna wannan rana. Mai bibiyar waɗannan labarai zai lura cewa addinin na cikin kogo da na wanda ke tsaye a bakinsa yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma haraji da bauta da ƙwace ƙasa suna nan a kowanne.

A nan gida, Kaduna kanta sojojin Turawa da suka yi yaƙe-yaƙe irin na Kagoro da Chibok aka fara gina wa ita. A ƙasar Gbagyi Gwamna Lugga ya zaɓi wurin, aka kwaso dakaru daga Zungeru, a 1917 kuma hedikwatar Arewa ta dawo nan. A 1927 layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Kafanchan, ya haɗu da na Legas zuwa Kano a tashar da ke kudancin kogi, reshensa mai zuwa Jos kuma ta gindin dutsen Kagoro ya wuce. Abin da sojan Bature ya fara da wuta, jirgin ƙasa da haraji da makarantar mishan suka ƙarasa: mutane suka sauko. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, sannan kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980, sai 'ya'yan duwatsu suka yi ta kwararowa daga kudancin Zazzau da Filato da Binuwai da kudancin Borno. Suka kama haya a Kakuri da Makera da Nasarawa, ɗaki kusa da ɗakin Bakano da Bakatsine, kowa na jiran jiniyar canjin aiki. Hausa ce ta haɗa su, a masaƙa da kasuwa, har da cikin coci.

Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 ne suka raba wannan zama. Dubban iyalai suka kwashe kaya suka haye gada, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, ko da yake har yanzu akwai unguwannin da ake cuɗe. Tun daga lokacin kowane ɓangare da irin tarihin da yake ba 'ya'yansa. A kudancin kogi ana tuna hari da bauta, ba a cika ambaton Malam Hamza ko Makau ba. A arewacin kogi ana tuna jihadi da jaruntar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ba a cika tambayar su wa aka kamo aka cika rinji da su ba. Kowanne rabin labari yake riƙe da shi, kuma 'yan siyasa sun iya amfani da rabin labari.

Rubutaccen ɓangaren yana nan cikin gari. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da kuma Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, akwai rahotannin Razdan da Di'o da hafsoshin soja. A ciki za a ga ranar da runduna ta tashi, da yawan harsashin da aka harba, da gidajen da aka ƙone, da tarar da aka yanka. Ba za a ga yadda uwa ta toshe bakin jaririnta a cikin duhu don kada kukansa ya tona asiri ba, ko wanda ya san hanyar ruwa, ko sunan maharbin da ya tsare bakin rami. Na cikin kogo ba su rubuta komai ba. A baki suka bar wa na baya, kuma kogwannin kansu mafi yawa ba allo, ba suna a taswira, sai mafarauta da masu kiwon awaki suka san bakinsu.

Aikin da ke gaban masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Jihar Kaduna, wadda ke da reshe a Kafanchan, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Na'urar ɗaukar murya ce, da mai jin harshen, da haƙurin zama gaban tsoho. Ba sai an je ƙauye ba ma. Yaron da aka ɓoye a kogo yana ɗan shekara goma a 1905 ya daɗe da rasuwa, amma jikokin da suka ji labari daga bakinsa suna nan a Unguwar Boro da Romi da Television, da yawansu tsofaffin ma'aikatan masaƙun da aka rufe ne. Wanda ya kama aikin masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1975, yau ya kai saba'in.